Ƙurar Hunturu, Tsumma da Fentin Mota

 Shirinmu na yau na masu mota ne, da direbobinsu, da samarin da ke neman halaliyarsu a wuraren wankin mota. Za mu tattauna a kan fentin jikin mota: abin da ke kashe masa sheƙi, yadda ake farfaɗo da shi, da kuma matakin da in lalacewa ta kai, duk wani shafe-shafe ɓarnar kuɗi ne, sai dai a nufi wajen mai feshi.

Wanda yake kusa da mota mai duhun launi, baƙa ko shuɗiya ko ja, in rana ta take ya leƙa kan bonet, daidai inda hoton ranar ya faɗo. Zai ga siraran layuka birjik sun yi wa hasken ƙawanya, in ya matsa su bi shi. Da dare ma tocilar waya tana nuna su. Da yawa suna ɗauka fentin ne ya tsufa, ko rana ce ta cinye shi. To, karce ne, dubban ƙananan karce da suka taru a hankali, wanki bayan wanki, shafa bayan shafa. A zahiri ma ba a zagaye suke ba. Sun miƙe ne ta kowace fuska, amma waɗanda suka gitta wa hasken su kaɗai ke maido da shi cikin ido, shi ya sa duk inda ka kai fitila sai ka ga sun kewaye ta. Farar mota da mai ruwan azurfa su ma suna da su, launin ne kawai ke rufa musu asiri.

Kafin a je ga gyara, sai an san yadda fentin yake. Motar zamani in ta fito daga masana'anta, hawa huɗu ne a kan ƙarfenta. A hawa na farko ana tsoma gangar jikin ne ɗungurungum cikin wani kwarami na sinadari, a saki wutar lantarki, sinadarin ya manne a kowane lungu don ya hana tsatsa. Sai firaima, mai daidaita fuskar ƙarfen da riƙe abin da zai hau kanta. Sai launi, wanda shi kaɗansa ba ya ƙyalli. Hawa na huɗu, wanda hannunka ke taɓawa, wani ruwa ne garau marar launi da masu feshi ke kira kiliya. Ita ce mai sheƙin, ita ce kuma ke tare kaifin rana kada ya koɗar da launin. Duka huɗun in an haɗa, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180. Maikiron kuwa shi ne a raba milimita ɗaya gida 1000 a ɗauki kashi guda. Farar takardar da ake buga wasiƙa a ofis, kaurinta wajen maikiron 100 ne. Kiliyar ita kaɗai ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba, ke nan da ƙyar take kai rabin kaurin takarda. Ku riƙe wannan lissafi, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Dattawan direbobi za su ce su a zamaninsu ba su san wannan tsirfa ba, kuma gaskiyarsu ne. Motocin wancan lokaci, irin su Pijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, galibi launin da sheƙin a haɗe suke cikin fenti guda. In ya dushe, ka sa man goge ka dirje, sai ka ga launin motar ya fito a jikin tsumma, sabon fenti ya bayyana daga ƙasa. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma ga tsarin launi daban, kiliya daban. Motar yau in ka goge ta har launi ya bayyana a tsummanka, yawanci alama ce ka huda kiliyar, ka yi ɓarnar da ba ta gyaruwa da hannu. Sai dai wasu fararen motoci da har kwanan baya ake yi musu fenti irin na da.

Me ke karce kiliya? A ƙasarmu amsar tana yawo a iska. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da. Ta haɗu da ƙurar titunanmu, ta sauka a kan komai. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin kwats, wato ainihin dutsen da yashi ya ƙunsa. Wani masani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin duwatsu a 1812, daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, kwats kuwa 7. Abin da ya fi gilashi tauri, ina ga kiliya, wadda dangin roba ce?

Amma ƙura in tana kwance a kan mota ba ta yin komai. Sai an sa hannu an ja ta. A nan ne al'adarmu ta shigo. Gari ya waye, mota ta yi futu-futu, Alhaji zai fita, sai direba ko maigadi ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma, tsohuwar singileti ko ragowar tawul, ya karkaɗe, ya bi jikin motar yana shafewa. Niyyarsa alheri ce. Amma duk shafa ɗaya, ya danne ɓarɓashin yashi tsakanin tsumma da fenti ya ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Tsumman nan kuma a but yake kwana, ko a ƙasa kusa da taya, gobe a sake ɗauko shi da yashin jiya a jikinsa. A ganina babu abin da ya kashe fentin motoci a arewa kamar wannan shafar safe, har rana ma tana bayanta. Haka yaran da ke rubuta sunansu da yatsa a jikin mota mai ƙura, haka mai jingina da ita yana waya, haka wanda ke aza kwali ko buhu a kan but ya ja. Tamfol ɗin rufe mota ma, in an lulluɓa shi a kan ƙura iska tana kaɗa shi dare guda, aikin tsumman yake yi. In babu ruwa, a bar motar da ƙurarta, a wanke gilashi da fitilu kawai don a ga hanya. Mota mai ƙura ba abin kunya ba ce a watan Janairu.

Mu zo ga wanki, domin wanda bai gyara wankinsa ba, ko an goge masa mota ta koma sabuwa, kafin wata biyu ta dawo gidan jiya.

Ana farawa ne da ruwa zalla, a kwarara daga sama zuwa ƙasa har yawancin ƙurar ta tafi da kanta, hannu bai taɓa ba. Sannan a tanadi bokiti biyu. Ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ruwan ɗauraya. Ka tsoma soso a kumfa, ka wanke yanki ɗaya, misali rabin rufin motar, sai ka kai soson cikin bokitin ɗauraya ka girgije yashin da ya kwaso, ka matse, kana ka koma kumfa. Da bokiti ɗaya, yashin da ka cire daga ƙofa shi za ka mayar kan bonet. Wanda ya gwada, ya duba gindin bokitin ɗauraya bayan ya gama, zai ga abin da a da yake dirza wa motarsa. Ana saukowa ne daga rufi, zuwa gilasai, zuwa bonet da but, zuwa ƙofofi, sai a ƙarshe ƙasan ƙofofi da bamba, inda laka da yashi suka fi yawa. Taya da wili kuwa sosonsu daban, bokitinsu daban, saboda ƙurar birki ɓarɓashin ƙarfe ce. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi tas. Kuma kada a danna. Nauyin hannu ya isa; dattin da bai fita da shafa mai sauƙi ba, jiƙa yake so.

Soson buhu da ake wanka da shi ba na fenti ba ne. Abin da ya dace shi ne tawul mai laushin nan na maikirofaiba, wanda gashinsa ke janye ƙura ciki ya ɓoye ta. Yanzu ana samun sa a kasuwanninmu. Da shi ake wanki, da wani busasshe kuma ake tsane ruwa, a shimfiɗa a ja a hankali.

Sai batun omo. Garin sabulun wanki an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka duk wani man kariya da aka shafa wa mota yana tafiya da shi, yana kuma busar da robobin gefen gilashi. Ƙwayoyinsa da ba su narke ba su ma suna karce. Sabulun ruwa na mota ya fi, kuma murfi ɗaya ko biyu yakan ishi bokiti. Kada kuma a yi wanki a tsakiyar rana jikin mota na ƙuna. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da maganiziyam. In ya bushe da kansa a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar fararen ɗige-ɗige, in an daɗe ba a cire ba su ci su zauna cikin kiliyar. A nemi inuwa, ko a yi da safe ko da yamma, kuma a tsane kafin ya bushe.

Inuwar ma da sharaɗi. Gindin darbejiya da mangwaro akwai daɗin ajiye mota, amma can ne tsuntsaye da jemagu ke sauke nasu kaya, ga kuma danƙon bishiya. Kashin tsuntsu yana da asid, in rana ta gasa shi yakan bar tambari cikin ɗan lokaci. Kada a kankare shi a bushe, don akwai tsakuwa a ciki. A jiƙa tawul a aza a kai na 'yan mintoci, ya yi laushi, a ɗauke.

Bayan an wanke mota ta bushe, ga wani gwaji. Ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet a hankali. In ka ji gurza-gurza, akwai abubuwan da suka kafe a fentin waɗanda sabulu ba ya cirewa: ɗigon kwalta, ƙurar ƙarfe, feshin fentin maƙwabta. Masu sana'ar suna cire su da wani danƙo mai kama da yumɓu, wanda asalinsa daga Japan ya fito. Ana fesa ruwan kumfa sosai, a riƙa zamar da danƙon a kai ba tare da dannawa ba, in fuskarsa ta yi datti a ninke a buɗe sabuwa. In ya faɗi ƙasa, sai shara. Wanda ya tsallake wannan mataki ya hau goge da inji, ƙazantar nan ce za ta maƙale a soson injin ta riƙa zana masa mota.

Yanzu a duba raunin. Karce iri-iri ne, kuma farcenka ne alƙali. Ka ja farce a hankali ka gitta layin. In ya wuce sumul bai maƙale ba, karcen a saman kiliya yake, goge zai fitar da shi. In ya ɗan maƙale, ya yi zurfi. Za a iya rage kaifinsa ya daina ɗaukar ido, amma neman a shafe shi gaba ɗaya ganganci ne. In kana hango fari ko toka-toka a cikin layin, an kai firaima. In ƙarfe kake gani, tsatsa na tafe. Ruwa ma yana taimakawa: ka zuba a wurin, karcen da ya ɓace yana jiƙe ya dawo bayan ya bushe, bai wuce kiliya ba. Wani abin kuma da ke tayar wa mutane hankali a banza shi ne gogar cunkoso. A-daidaita-sahu ya shafe ka, ka fito ka ga rawayen layi a ƙofa, ranka ya ɓaci. Sau da yawa fentinsa ne ya hau kan naka, naka yana nan lafiya a ƙasa, ɗan man goge da tawul sun isa. A gwada wannan kafin a tafi wajen fanabita.

Ga inda na fi so a saurare ni da kyau. Jama'a suna zaton folish wani abu ne da ake ƙara wa mota. Ragewa ake yi. Man goge, ko mai kaushin da ake kira kwamfawun ko mai laushin da ake kira folish, garin dutse ne mai tsananin laushi a cikin mai, galibi sinadarin alminiyam oksaid. Aikinsa irin na kafinta ne da katako mai gurbi: yana fere kewayen ne har ya sauko daidai da gindin gurbin, fuska ta zama ɗaya. Fuskar da ta daidaita ita ke maido da haske a miƙe, shi ne sheƙin da ido ke gani. Kowace gogewa tana cin wasu maikiron daga cikin 35 zuwa 50 ɗin nan, folish mai laushi ya ci kaɗan, kwamfawun ya ci da yawa, kuma abin da ya tafi ba ya tsirowa. Ƙa'idar da ƙwararru da dama ke bi ita ce kada a ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiliyar a tsawon rayuwar motar. Saboda haka mai kai motarsa a sa mata inji da kwamfawun duk Sallah, ƙarama da babba, yana sayen ƙyallin mako biyu ne da shekarun fentinsa.

Injin gogewa iri biyu ne. Akwai mai juyawa a wuri ɗaya, wanda aka fi gani a garejojinmu. Yana da sauri, yana da ƙarfi, yana kuma tara zafi. A hannun gwani yana aiki mai kyau, a hannun ɗan koyo cikin daƙiƙoƙi yake ƙona fenti, ko ya bar wasu inuwoyi masu walainiya da ke bin jikin mota in ta shiga rana. Akwai kuma mai juyawa yana karkarwa lokaci guda, wanda ba ya dama wuri ɗaya, zafinsa kaɗan ne. Mai koyo da wannan ya kamata ya fara, kuma a kan tsohon bonet na 'yan gwangwan, kafin ya taɓa motar mutane.

Yadda ake yi kuwa, a inuwa ne, jikin mota da sanyi, an manne robobi da bakin gilashi da salatif na takarda. A zaɓi ɗan fili, kamar santimita 50 ta kowane gefe, a gwada da mai mafi laushi da soso mafi laushi. In ya biya, shi ke nan, da shi za a bi sauran motar. In bai biya ba, a ƙara kaushi mataki ɗaya. Ba a farawa da mai ƙarfi. Ɗigo uku ko huɗu a kan soso sun isa. A baza da ƙaramin gudu, a ƙara, a riƙa tafiya sannu a hankali, layi yana hawa rabin layin da ya gabata, soson yana kwance daidai ba a kan gefensa ba. A riƙa taɓa wurin da bayan hannu, in zafin ya fi ƙarfin hannu a dakata. A riƙa share soson, don kiliyar da aka ci a jikinsa take taruwa. Bakin ƙofa, bakin bonet da duk inda ƙarfe ya yi tudu ko kusurwa, fentin wurin ya fi siranta, can ake fara hudawa. Bambar roba kuma ba ta sakin zafi kamar ƙarfe, tana saurin ƙonewa. Wanda ya yi amfani da kwamfawun dole ya bi da folish, don kwamfawun yana barin nasa hazon. Ƙananan wurare kamar ƙarƙashin mariƙin ƙofa, inda farce da makulli ke karcewa, hannu da tawul sun wadatar.

Akwai masu bin karce mai zurfi da jiƙaƙƙiyar sanfefa mai lamba 2000 ko 3000 kafin su goge. Hanya ce ta gaskiya, amma tana cin kiliya da gaggawa. Wanda ba shi da na'urar auna kauri ya bar ta, kada garin neman gira a rasa ido. Layi ɗaya da ba a gani sai an sunkuya ya fi ƙofar da aka huda.

Wannan na'ura 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, ana ɗora ta a jikin ƙarfe ta nuna kaurin fenti. Duk mai sana'ar goge mota da gaske ya kamata ya mallake ta. Tana kuma da amfani ga mai sayen 'yar Kwatano. In ko'ina tana nuna 120 ko 130, ka zo wata ƙofa ta nuna 400, an sake fesa ƙofar. In ta doshi 1000, akwai fila a ƙasa, wato motar ta taɓa buguwa a nan, ko da dillali ya rantse.

Tunda an ambaci dillalai, a yi hattara da ƙyallin aro. Akwai mayukan da ba sa cire karce, cike shi suke yi na ɗan lokaci. Mota ta yi ta walƙiya ranar ciniki, wanki biyu ko uku komai ya dawo. Wasu har baƙin mai ko man gas suke shafawa, wanda ƙura ke bi ta manne. Mai karɓar aiki daga hannun mai goge mota yana da haƙƙin ya ce a share wani yanki da sifirit da aka surka da ruwa, a fito da motar rana ko a haska tocila. Aikin gaskiya ba ya tsoron wannan. Man goge baki da ake ta yayatawa a waya, ɗan kaushin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Man birki kuwa ko kusa kada ya taɓa fenti, cinye shi yake yi. In ya zuba a wajen bakanike, a bi shi da ruwa mai yawa nan take.

An goge, mota ta yi kyau, saura kariya, domin kiliyar yanzu tsirara take. Mafi daɗewa a kasuwa shi ne waks, kuma mai kyansa ana yin sa ne da kakin ganyen wata bishiyar dangin giginya da ake kira karnauba, a arewa maso gabashin Barazil. Yana ba da sheƙi mai daɗin kallo, sai dai a zafinmu ba ya jimawa. Baƙar mota da ta wuni a ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, jikinta kan haura digiri 70, ga ƙura ga yawan wanki. Wata ɗaya zuwa biyu ya tafi. Akwai na haɗin sinadari da ke kai wata shida. Akwai kuma siramik, ruwan da ke daskarewa ya zama siririn ɓawo na maikiron 1 ko 2, ya yi shekaru in an kula da shi. Yana sa datti ya ƙi kamawa, wanki ya yi sauƙi. Amma masu tallarsa suna zuzutawa. Lambar 9H da suke rubutawa a kwalba ma'aunin taurin fensir ce, ba ta da alaƙa da ma'aunin Mohs da muka ambata, kuma yashi yana karce siramik yadda yake karce kiliya. In kuma aka shafa shi a kan karcen da ba a gyara ba, an rufe karcen ke nan a ciki. Abin da ke tare tsakuwa da gaske shi ne wata leda garau mai kaurin maikiron 150 zuwa 200 da ake mannawa a bamba da gaban bonet. Kamfanin 3M ne ya fara yin ta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka a lokacin yaƙin Biyetnam. Tana da tsada, amma mai yawan bin doguwar hanya zai ga amfaninta. Wanda duk wannan ya fi ƙarfinsa, rumfar kwano a tsakar gida ta yi masa rabin aikin. Alamar kariya ta ƙare kuwa ita ce ka zuba ruwa ya shimfiɗe a jikin motar, ya daina dunƙulewa yana gangarewa.

Akwai inda goge ba ya kaiwa. In ka ga rufin mota ko bonet ya yi fari-fari, gefen farin yana saɓulewa, kiliyar ce ta mutu ta rabu da launi. Duk wanda ya ce zai farfaɗo da ita da folish kuɗinka yake so. Sai sabon feshi. Ƙaramin tabon tsakuwa da ya kai ƙarfe kuwa a rufe shi kafin damina: a share wurin, a ɗiga fenti da bakin tsinke, kaɗan-kaɗan, wannan ya bushe a ƙara wani. Kada a haɗa launi da ido. Kowace mota tana da lambar fentinta, yawanci a wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota tana bayan haruffan C/TR; 040 fari ne, 202 baƙi. A kai wa mai haɗa fenti wannan lamba. Motar da aka yi wa sabon feshi kuma a ba ta aƙalla kwana 30 kafin a shafa mata waks ko siramik, wani fentin ma har 90, saboda yana ci gaba da fitar da tururinsa. Wanki da ruwa da sabulun mota ba laifi.

Maganata ta ƙarshe ga iyayen gidanmu masu garejin feshi ce. Kiliyar da ake haɗawa da hadna, wato ruwan da ke sa ta daskare, tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, kuma shaƙarsa na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon asma ga masu wannan sana'a a duniya. Wanda ƙirjinsa ya riga ya kamu, ko kaɗan ya shaƙa daga baya sai numfashi ya sarƙe. Ƙyallen da yaro ke ɗaurewa a hanci ba ya tare shi, takunkumin takarda ba ya tare shi, madarar da ake sha bayan an tashi aiki ba ta wanke huhu. Mafi inganci shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. In bai samu ba, a nemi na fenti mai matata, a riƙa canja matatar a kan kari, a kuma nisantar da sauran yara daga wurin har hazon feshin ya washe. Oga, yaran nan amana ce iyayensu suka ba ka. Ka saya musu takunkumi kafin ka saya wa gareji sabuwar bindigar feshi, kuma duk wanda ka ji yana tari ko ƙirjinsa na kuka da dare, ka tura shi asibiti.